Na samu r = -0.41, me ya sa malamina ya zagaye jimlata da jan biro?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini, ina babi na huɗu kuma saura mako uku in miƙa aiki. Bincikena a kan amfani da soshiyal midiya ne da yadda ɗalibai ke ganin kimar kansu. Na raba kwashoniya, wato takardar tambayoyi, guda 200, na shigar da amsoshin a manhajar ƙididdiga ta SPSS, na yi gwajin Pearson mai auna alaƙar abu biyu. Abin da ya fito shi ne r = -0.41 (r ce lambar ƙarfin alaƙa, alamar ragi kuma na nufin in ɗaya ya hau ɗayan ya sauka), p kuma, wanda ƙanƙantarsa ke nuna da wuya a ce dace ne kawai, ƙasa da 0.001. Sai na rubuta a ƙarƙashin jadawalin cewa "wannan ya tabbatar da cewa soshiyal midiya na rage wa ɗalibai kimar kansu." Malamin da ke duba aikin ya zagaye jimlar da jan biro, ya jera alamar tambaya har uku, bai ce uffan ba, ga shi ya yi tafiya. Ina kuskuren yake?

Nura: Wa alaikumus salam. Ni dai Anti ban ga laifi ba. Mu da muke tashi tsakar dare muna roƙon Allah ya ba mu p ɗin da ya sauka ƙasa da 0.05, ke har 0.001 kika samu.

Sadik: Kalma ɗaya ce matsalar. Cire "ya tabbatar", ki sa "akwai alaƙa mai ma'ana". Shi ke nan, zai sa hannu. Na yi wa ɗalibai irin wannan aikin ba adadi.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Sadik ya faɗi rabin gaskiya, ya riƙe rabi a aljihu. Malama Hauwa'u, ɗauki wannan. Daga Fabrairu zuwa Mayu cinikin ƙanƙara yana hawa a garuruwanmu, kuma a waɗannan watannin ne sanƙarau ya fi kama mutane. Da za ki jera cinikin ƙanƙara na kowane wata kusa da yawan masu sanƙarau, za ki samu alaƙa mai kyau, p ɗin ma zai yi kyan gani. Za ki rubuta cewa ƙanƙara ke kawo sanƙarau? Zafi da ƙura da bushewar iska ne ke tafe da su duka biyun. Haka gasasshiyar masara da zazzaɓin cizon sauro, damina ce uwarsu.

To lambarki tana iya zama ɗayan abu uku. Ko dai waya ce ke rage wa yarinya ganin kimarta. Ko kuma wadda tun asali ba ta ganin kimar kanta ce ke fakewa a waya saboda ba ta son shiga mutane. Ko kuma akwai na uku da ke jan su tare, kamar kaɗaici, ko rashin barci, ko faɗuwa jarrabawa. Kwashoniyar da aka raba rana ɗaya ba ta iya gaya miki wanne ya riga wanne zuwa.

Amma wannan kowa ya haddace shi. Ni abin da nake so in gani tambayoyin ne. Turo mana su.

Hauwa'u: To Malam. Na kimar kai ma'aunin Rosenberg na ɗauka, tambaya goma. Na soshiyal midiya kuwa ni na tsara su da kaina, guda takwas. Kowace tambaya da Turanci take, na sa fassarar Hausa a ƙasanta. Ga misalin nawa:
Ta 2, ina amfani da TikTok da Facebook sosai.
Ta 4, ina daɗewa a waya da dare kuma hakan na hana ni karatu.
Ta 5, idan na ga hotunan wasu a Instagram sai in ji ban kai su ba.
Ta 7, idan ba a yaba hotona ba sai in ji ba ni da daraja.
Amsa kuma: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, sam ban yarda ba.

Dakta Rabi: Ƙanwata, sake karanta ta 5 da ta 7 a hankali, kamar ba ke kika rubuta ba. Me suke aunawa?

Hauwa'u: Amfani da soshiyal midiya mana, Dakta.

Dakta Rabi: A'a. "In ji ban kai su ba." "In ji ba ni da daraja." Ai kimar kai ce wannan, an dai ɗaura mata ɗankwalin Instagram. A cikin Rosenberg akwai tambayar da ke cewa ina jin ni mutum ne mai daraja, aƙalla daidai da sauran mutane. Kin ga kin tambayi mutum abu ɗaya sau biyu, sau ɗaya a shafi na biyu, sau ɗaya a shafi na uku, sannan kika ce wa kwamfuta ta duba ko amsoshin sun yi kama. Dole su yi kama. Wani kaso na 0.41 ɗin nan ke kika gina shi da hannunki tun ranar da kika zauna tsara tambayoyi, kafin ɗalibi ko ɗaya ya riƙe biro.

Malam Bala: Abin da nake jira ke nan. Kullum ana barin jaki ana dukan taiki. Ɗalibi zai kwana uku yana tambaya gwajin Pearson zai yi ko takwaransa na Spearman, alhali ɓarnar tana cikin takardar da ya buga a shagon fotokofi wata biyu baya.

Kuma ta 4 ma tagwaye ce. "Ina daɗewa a waya" magana ɗaya, "yana hana ni karatu" magana ta biyu. Wanda yake kaiwa ƙarfe biyun dare a waya amma karatunsa lafiya lau, me zai zaɓa? Ta 2 kuma, "sosai" ɗin nan nawa ne? Sosai ɗin wadda ke sayen data ta ɗari biyu ba ɗaya yake da sosai ɗin mai wayfai a gida ba.

Sadik: Malam da girmanka, amma a yi maganar duniya. Mako uku ya rage mata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waye a cikin masu zaman difens, wato kare aiki, zai bi tambaya ɗaya-ɗaya? Jadawali suke dubawa, su ga tauraro biyu a jikin lamba alamar p ya yi ƙasa, su tambayi Yamane, wato lissafin yawan mutanen da za a raba wa kwashoniya, a tashi.

Nura: Wallahi gaskiya ne, mu ma Yamane aka ce mu yi amfani da shi.

Malam Bala: Lissafin Yamane na 1967 an yi shi ne don ƙiyasta kaso, wato mutum nawa cikin ɗari ke da abu kaza. Shi ya sa in ka sa 0.05 a matsayin kuskuren da ka lamunta, ko jama'ar miliyan ce yawan mutanen da zai ba ka ba zai wuce 400 ba. Mai neman alaƙa tambayarsa daban ce: ƙanƙantar alaƙar da nake son kamawa nawa ce? In tana kusan 0.3, mutum 85 sun isa ka sami damar kama ta kashi 80 cikin ɗari. In 0.2 ce, kana bukatar kusan 195. In 0.1 ce, sai ka doshi 780. Akwai manhaja kyauta mai suna G*Power da ke yin lissafin cikin minti ɗaya.

Kai kuma Nura, daina yi wa p sujada. Da mutum 30, sai r ya kai wajen 0.36 kafin p ya sauka ƙasa da 0.05. Da mutum 200, 0.14 ya isa. Da mutum 1,000, ko 0.07 ma ya wuce. Yawan jama'a ne ke ƙanƙantar da p. Ƙarfin alaƙa kuwa a jikin r ake ganinsa. Ninka 0.41 da kansa, za ka samu kusan 0.17, wato kashi 17 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin ɗalibai ne abubuwan biyu suka yi tarayya a kai. Sauran 83 suna wani wuri.

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ni ban yi saikoloji ba, amma na shekara da shekaru ina aikin cike kwashoniya a ƙauyuka, da takarda da kuma manhajar KoboToolbox a waya. Bari in faɗi abin da masu zama a ofis ba sa gani.

Wannan "na yarda ƙwarai, na yarda" ɗin, a bakin mutanenmu ba ya tafiya yadda kuke zato. Ka zauna a tabarma gaban baiwar Allah, ka karanta mata jimla, ka ce kin yarda? Za ta ce "haka ne." Ka karanta mata kishiyar jimlar, za ta sake cewa "haka ne." Ba ƙarya take yi ba, baƙo ne ya zo da takarda, kuma ba a musu da baƙo. Wata rana na tambayi wata tsohuwa ko tana samun barci, ta ce Alhamdulillahi. Na ce Iya, sosai ko kaɗan? Ta ce "'yar nan, wanda ya kwana ya tashi ai sai godiya." Kishiyarta na bakin murhu ta ce wallahi ba ta barci, tun rasuwar ɗanta sai ta kai asuba tana juyi. To a wane akwati zan sa Alhamdulillahi?

Dabarar da muka koma yi ita ce raba tambayar biyu. Da farko, hakan na faruwa da ke ko ba ya faruwa? In ta ce yana faruwa, sai a ce kullum ne, ko jefi-jefi? Kuma mun daina yi a gaban miji ko uwar miji, don amsar tsakar gida daban, ta cikin ɗaki daban.

Hauwa'u: Amma Maman Ilham nawa 'yan jami'a ne, da kansu suka cike.

Maman Ilham: A ina suka cike?

Hauwa'u: A aji, kafin malami ya shigo. Wasu kuma a hostel.

Maman Ilham: Kafaɗa da kafaɗa ke nan, kowa na leƙen na kowa. Yarinya za ta zaɓi "ina jin ni ba kowa ba ce" ƙawarta na kallo? Kuma ki duba takardun da kyau, za ki samu waɗanda suka ja layi ɗaya tun daga sama har ƙasa, na yarda, na yarda, na yarda, don su miƙa miki ki tafi.

Dakta Rabi: Wannan ya kawo mu kan abin da nake tsoro. Tambayoyin Rosenberg biyar a miƙe suke, biyar a juye. "Na gamsu da kaina" a miƙe take. "Wani lokaci nakan ji ba ni da wani amfani" a juye take. Kafin ki tara maki, kin juya makin biyar ɗin nan? Wato 4 ya koma 1, 3 ya koma 2?

Hauwa'u: Na juya, Dakta. Da farko ban juya ba, alfa, lambar da ke nuna ko tambayoyin na tafiya tare, ta fito wata iri, sai wata 'yar ajinmu ta nuna mini. Bayan na juya ta koma 0.68.

Sadik: Goge tambaya ɗaya ko biyu ta haura 0.7. SPSS ma yana nuna miki wadda za ki goge.

Dakta Rabi: Sadik, ka ji tsoron Allah. Ba a goge tambaya don lamba ta yi kyau, sai an san dalilin da ya sa ta ƙi tafiya da 'yan uwanta. Hauwa'u, ina kyautata zaton ta takwas ce ke ba ki matsala, wadda ke cewa ina ma a ce na fi haka girmama kaina.

Hauwa'u: Ikon Allah! Ita ce. Ya aka yi kika sani?

Dakta Rabi: Sananniya ce, ta ba masu fassara wahala a harsuna da dama. Mai ganin kimar kansa ma yana iya cewa e, ina son ƙari, kamar yadda mai kuɗi ba ya ƙin ƙarin kuɗi. Ki tuna Morris Rosenberg ya fitar da ma'aunin nan ne a 1965, da 'yan makarantar sakandare sama da dubu biyar a jihar New York ta Amurka. A 2005 Schmitt da Allik sun gwada shi a ƙasashe 53, suka ga tambayoyin da ke juye ba a fahimtarsu iri ɗaya daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mu kuma namu ya fi haka zurfi. Yaya kika fassara wadda ke magana a kan rashin abin alfahari?

Hauwa'u: "Ina jin ba ni da wani abin alfahari sosai."

Dakta Rabi: To kin gani. Yaron da aka tarbiyyantar da cewa alfahari haramun ne, yabon kai kuma jahilci, zai zaɓi "na yarda" yana ganin tawali'u ya yi. Ke kuma ki rubuta masa ƙarancin kimar kai. Haka wadda ke cewa ina da kyawawan halaye da dama. Bahaushe mai kunya ba zai ce "na yarda ƙwarai" ba, sai dai ya ce mutane su faɗa. A asibiti ma haka muke fama. Kalmar "damuwa" kaɗai tana ɗauke da fargaba, da baƙin ciki, da gajiyar rai, da rashin kuɗin cefane. Marar lafiya ba zai ce miki yana da ciwon damuwa ba, zai ce tunani ya yi masa yawa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko kansa na ɗaukar zafi.

Mushe Laminu: Gaisuwa daga Maraɗi. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan wahalarmu ninki biyu ce, don ma'aunin an rubuta shi da Ingilishi, an maida shi Faransanci, sa'annan mai anket, wato mai yi ma mutane tambayoyin, ya maida shi Hausa da baki nan take gaban mutum. Masu anket goma, fassara goma. Lokacin da nike memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, abin da malaminmu ya tilasta muna shi ne hanyar Brislin ta 1970: mutum guda ya fassara zuwa Hausa, wani dabam wanda bai taɓa ganin asalin ba ya maido ta, sa'annan a aza biyun a gani ina suka saɓa. Amma ko wannan bai isa ba. Fassara tana iya komawa daidai kalma da kalma, mutanen gari kuma su ji wani abu dabam. Sai ka zauna da mutum biyar ko shida, ka karanta masu, ka ce mi ka fahimta da wannan, faɗa mini da bakinka. Kuma Hausar Kano da ta Maraɗi ba a ko'ina suka haɗu ba, kalma guda tana iya sauya maka amsa.

Nura: Malam ni tambayata, me ya sa wasu ke sa zaɓi huɗu wasu biyar? A sashenmu an ce huɗu dole, kuma duk tambayar da matsakaicin makinta ya haura 2.5 an karɓa.

Malam Bala: Na Rensis Likert, wanda ya ƙirƙiro irin wannan ma'aunin a 1932, biyar ne, da matsaya ta tsakiya. Masu cire ta tsakiya suna cewa mutane na ɓuya a cikinta. Ni ina tare da su a nan, musamman a wurinmu da ba a son fito-na-fito. Ka ba mutum ƙofar "ba ni da ra'ayi", rabin aji za su bi ta nan.

Dakta Rabi: A nan kam mun rabu, Malam. Wanda da gaske ba shi da matsaya, in ka toshe masa tsakiya, ka tilasta masa ya ƙirƙiro ra'ayi, kuma yawanci "na yarda" zai faɗa saboda ita ce mai sauƙi. Ka ƙara wa ma'auninka ƙura ke nan. Ni abin da na fi so ma a bar yarda da rashin yarda gaba ɗaya in ana tambayar aiki. A ce kwana nawa a makon jiya ka kai sha biyun dare kana waya? Mutum ya ba da lamba. PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, shi ma yawan kwanaki yake tambaya a cikin mako biyun da suka wuce.

Malam Bala: A kan tambayar aiki na sallama miki. A kan tambayar ra'ayi ina nan a kan bakana. Abin da ba za mu saɓa a kai ba shi ne, ma'aunin da aka riga aka inganta ba a taɓa masa zaɓi. Rosenberg huɗu ne, a bar shi huɗu. Shi kuwa 2.5 ɗin nan, tsakiyar 1 da 4 ne kawai, ba wani gwaji ba ne. Maganarsa sai wata rana, don in na fara ba za mu kwana ba.

Sadik: To ni dai a amsa mini wannan. Tunda zaɓin nan jeri ne ba awo ba, ai Spearman ya kamata ta yi tun farko. Wani malami har faɗa ya yi wa ɗalibata a kan haka.

Malam Bala: In tambaya ɗaya tak za ka haɗa da wata, mai zaɓi huɗu, e, Spearman ya fi dacewa, tunda shi matsayi yake dubawa, wa ke gaba wa ke baya. In kuwa jimlar tambaya goma ce, maki daga 10 zuwa 40, yawancin masana ba sa ganin laifin Pearson. Yi duka biyun. In sun yi kusa, ka huta. In sun yi nisa, akwai abin da ke ɓoye, je ka duba zanen ɗigo-ɗigo, wanda kowane mutum ke zama ɗigo ɗaya a kansa gwargwadon makinsa biyu.

Kuma wannan zanen shi ne abin da ɗalibanmu ba sa yi sam. A 1973 wani masanin ƙididdiga, Francis Anscombe, ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne ɗigo 11, kowanne r ɗinsa kusan 0.82. A jadawali kamar an tsaga kara. Da aka zana su, na farko layi ne da ɗigo a warwatse gefensa, na biyu baka ne ya lanƙwasa, na uku layi ne sambal da ɗigo ɗaya da ya yi tsalle, na huɗu kuwa duk ɗigon a tsaye suke wuri guda, saniyar ware ɗaya ce can gefe ta haifar da alaƙar baki ɗaya. Pearson miƙaƙƙen layi kawai yake gani. In masu amfani da waya tsaka-tsaki sun fi kowa natsuwa, waɗanda ba sa taɓawa da masu wuce gona da iri kuma suna ƙasa, zai iya ba ka kusan sifili ya ce babu komai.

Hauwa'u: Na dawo. Na cire ta 5 da ta 7, na ware takardu 14 da aka ja musu layi ɗaya har ƙasa, na sake yi. Yanzu r = -0.16. Spearman -0.15. Innalillahi. Aikina ya rushe ke nan?

Sadik: Ba na faɗa ba? Mayar da su, ki bar 0.41 ɗinki. Wa ya sani?

Dakta Rabi: Ita ta sani, mu ma nan mun sani. Kwantar da hankalinki ƙanwata, wannan lambar ta fi kama da abin da manyan bincike suka samu. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun bi bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Abin da suka samu shi ne amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar matasan ba, har suka kwatanta shi da alaƙar cin dankali da walwala. Akwai masanan da suka yi musu raddi, suna cewa in aka ware soshiyal midiya kaɗai, aka kuma ware 'yan mata, lambar tana ƙaruwa, kuma har yanzu ana wannan muhawara. Amma da kin je difens da 0.41, wanda ya san fagen zai ɗaga gira tun kafin ki zauna.

Malam Bala: Kuma kada ki ɗauka 0.16 ita ce gaskiyar ƙarshe. Awo marar kyau yana iya kumbura alaƙa, kamar yadda ta 5 da ta 7 suka yi, yana kuma iya shanye ta. Shi kansa Spearman, masanin da gwajin nan ke ɗauke da sunansa, ya nuna wannan tun 1904. Misali, a ce alaƙar gaskiya 0.5 ce, amma kowanne daga ma'aunan biyu amincinsa, irin abin da alfa ke aunawa, 0.6 ne. Abin da za ki gani a kwamfuta 0.3 ne. Kamar mai awo da mudun da aka bubbuge wa gindi, hatsin na nan, mudun ne ke ci.

Sannan duk 'yan jami'a ne, kusan kowa na da waya, kusan kowa na yini a kanta. In mutanen da ka auna sun yi kama da juna sosai, alaƙa takan ƙanƙance. Shi ya sa in ka duba makin JAMB da sakamakon digiri a cikin waɗanda aka ɗauka kaɗai, alaƙar za ta fito ƙasa da yadda take, don masu ƙaramin maki ba su shigo ba balle a gan su.

Mushe Laminu: Ƙari guda. Tsarin jera tambayoyi ma yana da hannu. Akwai gwajin da Strack da Martin da Schwarz suka buga a 1988 da ɗalibai a Amurka. An tambaye su jin daɗin rayuwarsu gaba ɗaya, sa'annan aka tambaye su batun fita zance, alaƙa ta fito -0.12, kusan babu. Da aka juya, aka fara da batun zance, ta koma 0.66. Tambayoyi guda, wuri kawai aka sauya masu. Malama, wane sashe ne ya zo farko a taki?

Hauwa'u: Na soshiyal midiya, sai Rosenberg nan da nan a bayansa.

Mushe Laminu: To kin tuna masu da hotunan Instagram da rashin yabo, sa'annan kika ce su faɗi darajarsu.

Nura: Kai! Ashe kwashoniyar ce aikin gaba ɗaya, mu muna ɗaukarta abin da ake kwafowa daga tsohon furojet.

Sadik: Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku faɗa mata abin da za ta yi a mako uku, ba abin da za a yi a Oxford ba.

Dakta Rabi: Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ga amsa. Kada ta ɓoye komai. Ta kawo lambobin biyu a babi na huɗu, ta ce da tambaya takwas an samu kaza, amma biyu daga ciki sun yi karo da ma'aunin kimar kai, da aka cire su an samu kaza. Ta faɗi takardu nawa ta ware da dalili. Ta sa zanen ɗigo-ɗigo. Ta kawo tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakokin da ake sa ran alaƙar gaskiya na tsakaninsu, wadda da mutum 186 za ta kama daga wajen -0.30 zuwa -0.02, don mai karatu ya ga alaƙar tana iya zama matsakaiciya, tana iya zama dab da babu. In SPSS ɗinta tsoho ne bai bayarwa, manhajar JASP na bayarwa kuma kyauta ce. A babi na biyar ta rubuta "an samu 'yar alaƙa", ta kawo fassarori ukun da Malam ya lissafa, ta bar kalmar "tasiri" da "haddasawa".

In da sauran ƙarfi, ga ƙaramin aiki mai daraja. Ta nemi mutum arba'in ko hamsin, ta fara tambayarsu awa nawa suke yi a waya a rana, sannan da izininsu su buɗe Digital Wellbeing ko Screen Time, inda waya ke ƙirga lokacin da aka yi a kanta, su karanto mata abin da wayar ta rubuta. Wani nazari da Parry da abokan aikinsa suka fitar a 2021, wanda ya tattara bincike da dama, ya samu alaƙar abin da mutane ke faɗa da abin da na'ura ta rubuta kusan 0.38 ce kawai.

Maman Ilham: In za ki yi haka, ki bar wayar a hannun mai ita, shi ya karanto lambar. Kina miƙa hannu za su ce a'a, kuma suna da gaskiya.

Hauwa'u: Barkanmu da safiya. Jiya da dare na bi shawarar Mushe, na tara 'yan ɗakinmu shida na karanta musu fassarata ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan ta alfahari, huɗu suka ce sun yarda. Na ce me ya sa? Ɗaya ta ce "to ni wace ce da zan yi alfahari, komai ai na Allah ne." Wannan kuwa ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ba ta shakkar kowa. Na gwada cewa "ba ni da wani abin da na yi da zan ji daɗi in na tuna shi", nan take ta ce a'a, wannan kam ba ta yarda ba. Zan sa wannan a cikin iyakokin bincike.

Sai dai wata sabuwa: biyu daga cikinsu waya biyu gare su, ɗaya kuma ƙanwarta ce ke kallon TikTok da wayarta in ta je gida. Ya zan yi da lambar Digital Wellbeing ɗinsu?

Malam Bala: Mai waya biyu a tara mata. Wadda ake aron tata, sa tambaya a gaba: akwai mai amfani da wayarki ban da ke? In ta ce e, ki yi lissafin da ita, ki sake yi ba ita, ki faɗi duka. Kuma ki tura wa malaminki saƙo yau, kada ya dawo ya tarar an canza jadawali bai sani ba.

Sadik: Kawo fayil ɗin da yamma in nuna miki yadda ake fitar da zanen. Ba sai kin biya ba.

Nura: Malam, tawa ba a buga ba tukuna, gobe zan kai fotokofi. Ta 9 tana cewa "shaye-shaye da rashin tarbiyya na sa ɗalibai faɗuwa jarrabawa." In turo duka a duba mini?

Malam Bala: Turo. Kuma kada ka kai fotokofin gobe.